Wata 12 na keɓe bayanan Webb: a bari ko a soke?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Sakamakon zagaye na huɗu na neman lokacin kallo a madubin hangen nesa na James Webb ya fito, kuma ba sai kun tambaya ba, takardata ba ta shiga ba. Karo na biyu ke nan. Da na ga alƙaluman sai hankalina ya ɗan kwanta: takardun neman lokaci 2,377 aka tura, 274 aka ɗauka. Ba ni kaɗai aka bari a baya ba.

Abin da ya kawo ni daban ne. Galaksin da na nemi a duba min da NIRSpec, na'urar Webb mai ware bakan haske, jiya na leƙa MAST, rumbun da ake ajiye bayanan Webb, sai na tarar wata ƙungiya ta riga ta dube ta wata huɗu da suka wuce. Komai na nan a jere, ina ganin sunan fayil, ranar da aka ɗauka, har adadin daƙiƙoƙin da madubin ya yi yana kallonta. Amma ga ɗan kwaɗo a gefen kowane layi, wato an keɓe wa ƙungiyar da ta nema bayanan. Sai nan da wata takwas za a buɗe, ni kuma saura min wata goma sha ɗaya tallafin karatuna ya ƙare. Don Allah a fahimtar da ni, na'urar da aka kashe wa kusan dala biliyan 10 na kuɗin jama'a, mene ne hujjar kulle abin da ta gani har shekara guda?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya sa na gaba ya zama rabonki. Amsata a taƙaice: babu wata hujja mai ƙarfi da ta rage. Al'ada ce aka gada tun zamanin da ake aika wa mai bincike bayanansa a kaset ta gidan waya. Ki duba abin da ya faru da WASP-39b, wata duniya da ke zagaya wani tauraro. Kallonta yana cikin shirye-shirye 13 na farko da aka tsara tun asali ba za a kulle su ko na kwana ɗaya ba. Mutane ɗaruruwa suka taru a kan bayanan, ƙungiya-ƙungiya kowa da manhajarsa, suka gwada sakamakon juna, kafin ƙarshen Agusta 2022 an sanar da ganin iskar kabon dayoksaid a sararin wata duniya da ke wajen dangin ranarmu. Madubin bai fi wata biyu da fara aikin kimiyya ba. Da an kulle a hannun mutum biyar, da sai 2023 za mu ji labari.

Farfesa Garba: Bashir, ka zaɓi misalin da ya fi maka daɗi. Wannan shirin an shekara da shekaru ana tsara shi kafin a harba na'urar, an raba aiki, an san wa zai rubuta me. Ba sakin bayanai aka yi kan mai uwa da wabi ba, yarjejeniya ce tsakanin mutanen da suka san juna.

Hadiza, bari in tambaye ki. A ce takardarki ce ta shiga. Kin yi wata biyu kina fama da APT da ETC, manhajojin tsara takarda da lissafin lokacin kallo, kina lissafin daƙiƙa nawa ake bukata kafin layin hasken da kike nema ya fito daga cikin hayaniya, kin shawo kan kwamiti a gasar da ake neman lokaci ninki tara na abin da ke akwai. Bayanai suka sauko ranar Talata. Ke kina koyar da aji biyu, kwamfutarki ɗaya. A wata jami'ar kuma akwai ƙungiya mai masu digirin dakta goma sha biyu da manhaja a shirye, abin da suke jira kawai fayil ya bayyana. Ranar Juma'a takardarsu tana arXiv, shafin da ake watsa sakamakon bincike kafin a buga shi. Wa wannan kwaɗon yake karewa, su ko ke?

Hadiza: Ranka ya daɗe, na fahimta. Amma ni yanzu a wajen ƙofa nake, ba a ciki ba.

Farfesa Garba: Bana kina waje. Baɗi fa?

Dakta Bashir: Farfesa, da girmamawa, lissafin bai goyi bayan "baɗi" ba. Idan takarda ɗaya cikin tara ce ke shiga, mafi yawanmu a waje za mu yi yawancin shekarunmu. Kuma a tuna, ko da kowa a duniya yana da damar tura takarda, kuɗin bincike da ke biyo bayan lokacin na masu aiki a cibiyoyin Amurka ne kawai. Turai na da kasonta na aƙalla kashi 15 cikin 100 na lokaci, Kanada kashi 5, saboda su suka ba da roka da wasu na'urorin. Wanda ba ya cikin waɗannan, rumbu shi ne madubinsa. Hubble, madubin sararin samaniya da ya gabaci Webb, ya riga ya nuna hanya: an daɗe da kai matakin da takardun da ake rubutawa da bayanan rumbu suka fi waɗanda masu neman lokacin suka rubuta da kansu yawa. Kuma shi Hubble ɗin wata 6 ake keɓewa yanzu, ban ga sama ta faɗo ba.

Sa'adatu: Na daɗe ina karantawa ban ce uffan ba. Ku biyun kuna magana kamar ranar da fayil ya sauko an gama da shi, abin da ya rage kawai wa zai fara buɗewa. Ni a nan na bambanta da ku.

Abin da ke saukowa daga Webb ba hoto ba ne. Lambobi ne na yadda caji ke taruwa a kowane fiksel, karatu bayan karatu. Kafin su zama haske da za ka iya aunawa sai sun bi ta matakai uku na manhajar tacewa, kuma kowane mataki yana jingina da fayilolin awo da ke cikin ma'ajiyarsu da ake kira CRDS. Waɗannan fayilolin canzawa suke yi. A watannin farko na aikin kimiyya a 2022 da awon da aka yi a ƙasa kafin harbawa ake aiki. Da aka auna taurarin da aka san haskensu daga can sama, sai aka ga tsakanin idanu goma na NIRCam, kyamarar Webb, akwai bambanci, a wasu wuraren har kusan kashi 20 cikin 100. Duk wanda ya ruga ya fitar da nauyin galaksi ko nisanta a Yuli da Agusta, sai da ya koma ya sake lissafi da kaka ta yi.

Ni kaina na sha wannan, kuma laifina ne ba na kowa ba. Sanarwar sabon awo ta shigo akwatina, na ga take mai tsawo na ce sai anjima. Na yi mako uku ina murna da wani ɗan ƙarin haske a filta guda, har na zana shi da jan layi na nuna wa mai duba aikina. Ya kalle shi ya ce, wane awo kika yi amfani da shi? Na sake tacewa da sabon, dare guda, da safe abin nan ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Tun ranar ba na wuce sanarwar na'ura ban karanta ba, ko da kuwa ta na'urar da ba na amfani da ita ce.

To idan babu wa'adin keɓewa, wa zai tsaya ya jira sabon awo alhali ya san wasu biyar suna kan fayil ɗin?

Ɗanjuma: Anti Sa'adatu, wannan ne ya faru da galaksin nan da aka ce ita ce mafi nisa daga baya aka ce ba haka ba? Ni ɗalibin shekara ta uku ne, hotuna kawai nake haɗawa don sha'awa, a yi min afuwa idan tambayar ba ta dace ba.

Sa'adatu: Ta dace ƙwarai, Ɗanjuma, amma matsala ce daban. Ina jin CEERS-93316 kake nufi. Daga launinta a hotunan NIRCam aka ƙiyasta gocewar haskenta zuwa ja, ma'aunin nisa ke nan, ta kai wajen 16, wato 'yan shekaru miliyan 250 bayan farkon sararin samaniya. Da NIRSpec ya ware bakan haskenta a 2023, sai ga shi 4.9 ne, fiye da shekara biliyan ɗaya bayan farko. Ƙura ce ta dushe ta a gajerun zango, sannan wasu layuka masu ƙarfi na iskar oksijin da haidirojin suka faɗo daidai cikin filtocin da suka sa ta yi kama da mai nisa. Ba awo ne ya yi kuskure ba, launi ne ya yi ruɗi. A aikin guda kuma aka tabbatar da wata da ake kira Maisie a 11.4, ita ta tsaya da ƙafarta.

Dakta Bashir: Kin ga kin ba ni makami da hannunki. Me ya sa aka gano da wuri? Saboda hotunan CEERS, shirin da ya hango ta, a buɗe suke. Ƙungiyoyi da yawa suka auna abu ɗaya, wasu tun a lokacin suka ce a yi hattara, tana iya zama kusa da 5. Haka batun awon NIRCam, idanu da yawa ne suka hango bambancin. Kuskuren da aka yi a fili a fili ake gyara shi. Wanda aka yi a ɗaki a kulle sai ya shekara yana yawo a taruka, ba mai iya duba shi.

Sa'adatu: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka ƙirga takardu nawa aka watsa a makonnin nan na farko, nawa kuma aka sake wa lambobi kafin a buga su. Jarida ta ɗauki lambar farko, ta biyun ba wanda ya ji.

Farfesa Garba: Akwai kuma abin da ba ku taɓo ba, wanda sai wanda ya taɓa riƙe shiri ya san shi. Agogon wata 12 ba ya jiran shirinka ya kammala. Kowane kallo da nasa agogon, yana fara bugawa daga ranar da ya shiga rumbu.

Webb ba ya juyawa inda ya ga dama. Dole inuwar nan tasa mai shimfiɗa biyar ta tsaya tsakaninsa da rana, don haka yana kallo ne kawai tsakanin digiri 85 zuwa 135 daga rana. Abin da ke kusa da hanyar da rana ke bi a sama, tagogi biyu yake samu a shekara, kowace kamar kwana hamsin. Sai kuma aka ƙara wani sharaɗi bayan ɗan tsakuwar nan da ya bugi ɓangaren madubi na C3 a watan Mayu 2022: daga zagaye na biyu ana guje wa fuskantar da madubin ta ɓangaren da na'urar ke tafiya, sai da dalili mai ƙarfi. Ga mutane da yawa taga ɗaya ta rage ke nan.

Yanzu a ce shirinka kallo uku ne na abu guda, kuma ba ka iya cewa komai sai ka haɗa ukun. Na farko ya samu a taga ta bana. Na biyu ya faɗi saboda na'urar ba ta kama tauraron jagora da take daidaita kallonta da shi ba, aka sake sa shi a layi. Kafin na uku ya sauko, kwaɗon na farko ya buɗe. Da wata 12 ma ke nan. Ku rage shi zuwa sifili ku ga wanda zai ƙara ɓata lokacinsa yana tsara shiri mai wahala.

Dakta Bashir: Manyan shirye-shirye da na taska, wato waɗanda ake tara bayanansu don amfanin kowa, ai ba su da wa'adin keɓewa, kuma ban ga an daina nemansu ba.

Farfesa Garba: Su wa ke nemansu? Ƙungiyoyi masu mutum hamsin, waɗanda ba sa tsoron kowa ya riga su. Hadiza ba za ta nemi awa ɗari biyu ba, awa shida za ta nema.

Ɗanjuma: Tunda an ambaci Hubble, da gaske ne ya kusa mutuwa? Na ga ana cewa da jairo ɗaya yake aiki.

Malam Isuhu (mai kula da zaure): A taƙaice don kada mu bar batu, Ɗanjuma. A ziyarar gyara ta ƙarshe a Mayu 2009 an sa masa sababbin jairo shida, su ne ke auna juyawarsa don ya saita kallo. Uku suka rage, ɗaya ya dinga ba da karatun ƙarya yana jefa na'urar cikin yanayin kariya, sai a Yuni 2024 aka koma aiki da ɗaya aka ajiye ɗaya. Yana aiki lafiya, sai dai ya fi jinkirin juyawa ya kama abu, yankin saman da yake iya kaiwa a kowane lokaci ya ragu, kuma ba ya iya bin abin da ke motsi idan ya fi duniyar Mas kusa da mu. Har yanzu shi ne abin dogaro a hasken altrabayolet, wanda Webb ba ya gani sam. In kana son ƙari buɗe sabon zare. A koma kan tambayar Hadiza.

Maryam: Ni ina da abin faɗa wanda zai ɓata wa kowane ɓangare rai. An taɓa riga ni. Ba a Webb ba, a wata na'urar da bayananta ke buɗe daga ranar farko. Tunanin nawa ne, na faɗe shi a wani ƙaramin taro da bakina, wata uku bayan nan na gan shi a rubuce da sunayen wasu. Ba zan ce sun sata ba, wataƙila su ma sun yi tunanin. Babi guda na kundin digirina ya koma "mun tabbatar da abin da wasu suka gani". Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Amma sauran babi ukun duka da bayanan rumbu na rubuta su, waɗanda wasu suka sha wahalar nema. Ban taɓa samun lokacin na'ura da sunana ba sai bayan na gama. Don haka idan aka ce in zaɓa, ba na iya cewa a kulle, ba na iya cewa a buɗe duka. Abin da nake ganin ya fi shi ne a rage zuwa wata 6 kamar Hubble, amma idan shirin na kundin ɗalibi ne a ba shi 12, kuma agogo ya fara daga kallo na ƙarshe.

Dakta Bashir: Kowa zai nemo ɗalibi ya liƙa a takardarsa ke nan.

Maryam: To ai ɗalibai sun samu shiga, Dakta. Ban ga asara a nan ba.

Farfesa Garba: Hahaha. Maryam ta kama ka.

Wani abu kuma, don Hadiza kada ta karaya da gasar. Tun 2018 Hubble ya koma tantancewa ba tare da kwamiti ya ga sunan masu takarda ba, Webb kuma da wannan tsarin ya fara. Dalilin shi ne an lura shekara da shekaru takardun da mata ke jagoranta suna samun kaso ƙasa da na maza. Bayan canjin, adadin waɗanda suka samu lokaci a karon farko a rayuwarsu ya ƙaru sosai. A zamaninmu suna ne ke buɗe ƙofa. Yanzu hujja ce. Turo min takardarki da sharhin kwamitin in gani, sau da yawa matsalar tana shafin farko ne, mutum bai faɗi abin da zai sani bayan kallon wanda bai sani ba kafinsa.

Dakta Bashir: A wannan kam ba ni da ja. Amma a sani, iskar ta riga ta juya. An tsara Roman, sabon madubin sararin samaniya na NASA, ba shi da wa'adin keɓewa ko kaɗan, madubinsa mita 2.4 kamar Hubble amma filin da yake ɗauka a kallo ɗaya ya ninka na kyamarar infared ta Hubble aƙalla sau ɗari. Euclid, madubin Turai, shi ma ya saki kason farko na bayanansa ranar 19 ga Maris 2025, galaksi miliyan 26.

Sa'adatu: Waɗannan na'urorin share sama suke yi, Bashir. Ba wanda ya ƙirƙiro tunanin kallon wuri guda da za a ce an ƙwace masa. Kuma Euclid ɗin da ka kawo, ƙungiyarsa ta riƙe bayanan ta tace su kafin ta saki, an harba shi tun Yuli 2023.

Hadiza, mu dawo kanki, don muhawarar nan ba za ta buɗe miki kwaɗo ba. Lambar shirin tana jikin fayil ɗin, da ita za ki samu shafin shirin, sunan jagoransa da taƙaitaccen abin da suka ce za su yi, duk a buɗe suke. Karanta ki gani ko tambayarku ɗaya. Sau da yawa galaksi irin taki ɗaya ce cikin ɗari da suka cusa a ƙananan tagogin NIRSpec don cike gurbi, ba ita suke nema ba. In haka ne rubuta wa jagoran. Yana da ikon ba ki izinin saukewa, ko ma ya nemi a buɗe kafin lokaci.

Sannan hotunan NIRCam da kika gina takardarki a kansu, yaushe kika sauke su? Buɗe kan fayil ɗin ki duba CRDS_CTX da CAL_VER, lambobin awo da na manhajar da aka tace shi da su, ki gwada da abin da ke rumbu yau. Ana sake tace tsofaffin bayanai idan sabon awo ya fito, amma kwafin da ke kwamfutarki ba ya sabunta kansa.

Hadiza: Innalillahi. Yaya Sa'adatu, tun shekarar farko ta karatuna na sauke su, ban sake taɓawa ba. Bari in duba.

Farfesa Garba: Idan za ki rubuta wa jagoran, kada ki zuba masa duk tunaninki a wasiƙar farko. Faɗi ko ke wace ce, wace galaksi, wane layi kike so ki auna, da cewa na kundin digiri ne. Ki sa mai duba aikinki a kwafi. Sakin layi biyu ya isa.

Dakta Bashir: Kun ga abin da nake faɗa. Sai ta roƙi alfarma kafin ta ga abin da na'urar jama'a ta ɗauka. In mutumin kirki ne ta samu, in ba haka ba ta jira wata takwas.

Maryam: Ni ma da roƙon alfarma na samu mai ɗaukata aiki na farko, Dakta. Wasiƙa irin wannan ce ta haɗa mu.

Hadiza: Na dawo. Lambar awon da ke fayilolina ta girmi ta rumbu nesa ba kusa ba. Na sauke sababbin na sake auna filta biyu kawai don gwaji: ɗaya ba ta motsa ba, ɗayar ta ɗan sauka, kuma ita ce wadda na jingina hujjar takardata a kanta. Bambancin launin bai ɓace ba amma ya ragu, sai na sake dukkan bakwai ɗin kafin in san inda nake.

Na kuma karanta shafin shirin. Taurari masu fashewa suke bi a wannan filin, galaksina ba ta cikin taƙaitaccen bayaninsu ko sau ɗaya. Farfesa, na tura maka takardar da sharhin kwamiti ta akwatinka, da daftarin wasiƙar. Sakin layi uku ta zama, a taimaka a nuna min wanda zan cire.